Mika Myllylä: gumi, jini da lambobin da ba a ƙwace ba

A tarihin wasannin ƙasar Finland da wuya a sami wanda jama'a suka ɗaga sama kamar Mika Myllylä, da wuya kuma a sami wanda suka saki ya faɗo da ƙarfi irin nasa. Tsakanin 1994 da 1999 ya tara lambobi 15 a gasar Olamfik ta hunturu da gasar zakarun duniya, biyar daga ciki na zinare, duk a tseren zamiya kan dusar ƙanƙara. A Fabrairun 2001 aka sami haramtaccen sinadari a jikinsa, a gida, a gaban mutanensa. Ranar 5 ga Yulin 2011 aka tarar ya mutu a gidansa da ke garin Kokkola, yana da shekara 41.

Masu ba da labarinsa sun kasu biyu. Wasu na cewa mayaudari ne da allura ta yi wa suna. Wasu na cewa jarumi ne da aka sallama don manya su tsira. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ne kawai. Wahalar da ya sha wajen horo gaskiya ce, allurar ma gaskiya ce, shi da bakinsa ya amsa. Abin da ya kamata a zauna a warware shi ne yadda abubuwan biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya, da irin tsarin da ya sa haɗuwar tasu ta zama ruwan dare a wancan zamani.

Wane irin tsere ne wannan?

Kada a haɗa shi da wanda aka fi nunawa a talabijin, inda mutum ke gangarowa daga ƙololuwar tsauni yana kauce wa tutoci. Wancan cikin minti biyu an gama, kuma gangara ce ke yin rabin aikin. Wannan kuwa tafiyar ƙasa ce. Ɗan tsere zai ɗaura siraran alluna biyu a ƙafa, kowanne ya ɗara tsawonsa kaɗan, ya riƙe doguwar sanda a kowane hannu, ya kutsa daji. Ana shata hanyar yadda kusan kashi ɗaya cikin uku zai zama hawa, kashi ɗaya gangara, sauran kuma ƙasa mai ɗan tudu da kwari. Zango mafi tsawo shi ne kilomita 50, wato ya ɗara gudun fanfalaki da kusan kilomita 8, kuma a zamanin Myllylä gwanaye kan gama shi cikin sa'a biyu da kwata ko kusa da haka.

Salo biyu ake yi. A na gargajiya allunan na tafiya a jere cikin layuka biyu da inji ya huda a kan dusar, mutum na taka ɗaya yana zamewa da ɗaya. A sabon salo, wanda hukumar wasan ta duniya, FIS, ta ware wa gasarsa a tsakiyar shekarun 1980, buɗe ƙafa ake yi ana tura allon ta gefe, kuma ya fi sauri. Myllylä ya ci zinare a duka biyun, amma huɗu daga cikin biyar ɗinsa a salon gargajiya ya same su.

Shi salon gargajiya yana da wata fitina da mai kallo ba ya gani, ita ce kaki. Ana shafa wa gaba da bayan allo kakin santsi, a shafa wa tsakiyarsa, daidai ƙarƙashin tafin ƙafa, kakin riƙo, wanda zai ciji dusar in an taka, ya sake ta in an zame. Kowane yanayi da irin kakinsa: sabuwar dusa daban, tsohuwa daban, busasshiya daban, mai jiƙa daban. In riƙon ya yi kaɗan, allon ya dinga sulɓewa baya a kan hawa. In ya yi yawa, dusa ta dunƙule ta manne a ƙasansa, mutum ya koma jan kaya. Shi ya sa kowace ƙasa ke tafe da masu shafa kaki, su fito tun duhun asuba suna gwada alluna a kan hanyar da za a bi.

Sannan a lokacinsa ba a sakin 'yan kilomita 50 gaba ɗaya kamar yadda ake yi yanzu a manyan gasanni. Ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu, da tazarar daƙiƙa 30. Babu wanda za ka laɓe a bayansa ya tare maka iska har ƙarshe. Daga kai sai agogo, sai masu horarwa da ke tsaye bakin hanya suna ƙwala maka daƙiƙa nawa kake gaba ko baya. Wanda ke cin irin wannan tsere shi ne mai iya gana wa kansa azaba ba tare da kowa ya sa shi ba.

Hannu, kafaɗa, baya, ciki da ƙafa duk aiki suke yi lokaci guda, kowace tsoka na neman iskar oksijin. Saboda haka in aka auna yawan oksijin da jiki ke iya sarrafawa a minti ɗaya, 'yan wannan wasa na sahun farko a duk duniyar wasanni. Matashi mai lafiya kan tsaya wajen mililita 40 zuwa 45 a kan kowane kilo na nauyinsa, manyan 'yan tseren nan kuwa sukan haura 80. Duk rigimar da za ta biyo baya a kan wannan ma'auni take.

Daga fadama zuwa Nagano

Ga mutanen Finland, waɗanda ba su kai miliyan shida ba, wannan wasa ya shiga jini. Yara na koyonsa a makaranta. Da allunan zamiya sojojinsu suka addabi rundunar Tarayyar Sobiyet a yaƙin hunturun 1939 zuwa 1940. Har yau ana tuna cewa Veikko Hakulinen ya ci kilomita 50 a Oslo a 1952 cikin sa'a 3 da minti 33 da daƙiƙa 33, ana kuma jin zafin yadda Juha Mieto ya rasa zinaren kilomita 15 a Lake Placid a 1980 da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, a hannun Thomas Wassberg na Suwidin. Mata sun fitar da ƙasar kunya, don Marja-Liisa Hämäläinen ta kwashe zinare uku a Sarajevo a 1984. Ta ɓangaren maza kuwa jira ya yi tsawo. Tun zinare biyun da Eero Mäntyranta ya ci a Innsbruck a 1964, babu namijin Finland da ya sake cin zinaren Olamfik a tseren mutum ɗaya, alhali maƙwabtansu Norway da Suwidin sai kwasa suke.

Cikin wannan jira Myllylä ya taso. An haife shi ranar 12 ga Satumban 1969 a Oulu, ya girma a Haapajärvi, wani ƙaramin gari a tsakiyar dazuka da fadamu. Dusar ƙanƙara ba ta kai rabin shekara a ƙasa, don haka da bazara 'yan tsere kan koma gudu, da hawan tudu da sanduna, da zamiya kan kwalta da alluna masu taya. Babban ɗan tsere kan yi sa'o'i 700 zuwa 900 na horo a shekara. Shi Myllylä ya yi suna da wani abu daban: fadamar Tervaneva da ke kusa da garinsu.

Fadamar arewacin Turai ƙasa ce mai laushi da gansakuka ya rufe, ruwan sanyi na kwance a ƙarƙashinta. In ka taka, ƙafa ta nutse har ƙwauri, wani wurin har gwiwa. Babu abin da za ka dogara da shi ka cilla kanka gaba, sai ka tumɓuke ƙafar da ƙarfin cinya, ka sake dasa ta, ta sake nutsewa. Ga sauro kamar hadari. Haka zai yi ta ratsawa da sanduna biyu, bugun zuciyarsa a sama, shi kaɗai. Ta fuskar horo abin yana da ma'ana, domin yana wahalar da zuciya da cinya ba tare da ya jijjiga gaɓoɓi kamar gudun kwalta ba. Amma tasirinsa a zukatan jama'a ya fi haka nisa. Hotonsa a cikin fadamar ya bazu a jaridu, 'yan ƙasa suka ga kansu a ciki: mutum mai ƙarancin magana, mai yawan aiki, wanda ba ya neman hanya mai sauƙi.

Ya je Olamfik ta Albertville a 1992 ya dawo hannu rabbana. A Lillehammer a 1994 aka fara jin sunansa: azurfa a kilomita 50 a bayan Vladimir Smirnov na Kazakistan, tagulla a kilomita 30, da wata tagullar a tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu. A gasar zakarun duniya, wadda ake yi duk shekara biyu, ya ci tagulla a Thunder Bay ta Kanada a 1995. Sai Trondheim a 1997, a tsakar gidan 'yan Norway, lokacin da Bjørn Dæhlie ke kan ganiyarsa. A nan ya ci kilomita 50, Erling Jevne na Norway ya zo na biyu, Dæhlie na uku. Rabon da ɗan Finland ya zama zakaran duniya a wannan zango tun Kalevi Oikarainen a 1970.

Nagano ta Japan, 1998. Ranar tseren kilomita 30 na salon gargajiya dusa ke zuba, irin ranar da masu shafa kaki ke tsoro. 'Yan Finland suka dace, Dæhlie bai dace ba, ya ƙare na 20. Myllylä ya ba Jevne da ya zo na biyu ratar kusan minti ɗaya da rabi, wadda a wannan wasa rata ce mai faɗin gaske. Jiran shekara 34 ya ƙare. Ya ƙara da tagulla biyu, ɗaya a karɓa-karɓa, ɗaya a kilomita 10. Wannan tsere na kilomita 10 shi ne wanda Philip Boit, ɗan Kenya na farko a Olamfik ta hunturu, ya zo na ƙarshe a cikinsa, Dæhlie da ya ci zinare ya tsaya bakin layi ya jira isowarsa ya rungume shi.

Shekara ɗaya bayan haka, a Ramsau ta Ostiriya, ya kwashe zinare a kilomita 10, da 30, da 50, ya ƙara da azurfa a bayan Thomas Alsgaard na Norway a tseren bin sawu, wanda ake sallamar kowa bisa ratar da aka ba shi a tseren da ya gabata. An zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Finland na shekara a 1997 da kuma 1999. Wani abin lura shi ne bai taɓa lashe Kofin Duniya ba, wato gasar da ake tara maki tun farkon kaka har ƙarshenta. Mutum ne mai dafa kansa don mako biyu na babbar gasa. Magoya baya sun kira hakan iya tsara horo, masu zargi daga baya suka ba shi wata fassara.

Inda jini ya shigo

Duk wanda ya taɓa kai mai ciki ko mai zazzaɓi asibiti ya san gwajin PCV, wanda ke nuna kashi nawa na jini ne jajayen ƙwayoyi. A cikin waɗannan ƙwayoyi himogulobin yake, shi ke ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa tsoka. Lafiyayyen namiji kan kasance tsakanin 40 da 50. In ƙwayoyin suka ƙaru, oksijin da ke isa tsoka ya ƙaru, mutum ya fi jure dogon zango. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera su, sunansa a taƙaice EPO.

Akwai halastattun hanyoyin ƙara su. Zama a kan tsauni, inda iska ba ta da kauri, yana sa ƙoda ta ƙara fitar da EPO. Finland ba ta da dogayen tsaunuka, sai masananta suka ƙirƙiro ɗakunan da ake rage wa oksijin a farkon shekarun 1990, ɗan wasa ya kwana ciki kamar yana kan tsauni. Akwai kuma wanda Allah ya ba kyauta. A 1993 masu bincike ƙarƙashin Albert de la Chapelle suka gano cewa dangin Mäntyranta, gwarzon 1964, suna da wani sauyi na gado da ke sa ɓargonsu ya yi ta ƙera jajayen ƙwayoyi fiye da kima. An auna PCV ɗinsa ya haura 60. Wato mutumin da Myllylä ya gaji kujerarsa an haife shi ne da abin da na baya suka riƙa saye a kwalba.

Haramtattun hanyoyin sun fara da ƙarin jini: a ɗebi jinin ɗan wasa a ajiye, a mayar masa gab da gasa. Ɗan gudun Finland Kaarlo Maaninka ya amsa cewa an ƙara masa jini kafin Olamfik ta Mosko a 1980, lokacin ba a haramta ba tukuna. Sai a ƙarshen shekarun 1980 EPO na kamfani ya shigo kasuwa don masu ciwon ƙoda. Allura ce ƙarama, ba firji cike da jini, ba doguwar hidima. Mafi muhimmanci, har zuwa Olamfik ta Sidni a 2000 babu gwajin da ke gano ta. Shekara goma ke nan ƙofa na buɗe. A tseren sa'a biyu da kwata, ko kashi 2 cikin ɗari aka ƙara wa gudun mutum, ya sami kusan minti uku, wanda ya isa ya ɗauke shi daga na goma ya ɗora shi kan dandamalin karɓar lamba.

Da FIS ta ga jinin 'yan tsere na ta yin kauri kuma ba ta da hanyar kama kowa, sai ta sa iyaka a 1997: namijin da himogulobin ɗinsa ya wuce giram 18.5 a kowace desilita ba zai shiga tsere ba, sai ya huta na 'yan kwanaki. An ce don lafiyarsa ne, kuma akwai gaskiya a ciki, domin jini mai kauri na iya daskarewa ya toshe jijiya. Kafin gasar 2001 aka sauko da iyakar zuwa 17.5. To a nan gizo ke saƙar. Dokar ba ta tambayi yadda aka yi jini ya yi kauri ba, kaurin kawai take aunawa a safiyar tsere. Wanda ya wuce layi yana buƙatar abin da zai sauko da shi na 'yan sa'o'i.

Abin nan shi ne HES, wani ruwa mai sitaci da ake ɗaura wa wanda ya zubar da jini a asibiti. Yana zama cikin jijiya ya jawo ruwa, yawan jinin ya ƙaru. Kamar kunu ne mai kauri a tsarma masa ruwa: garin da ke ciki bai ragu ba, amma mai dubawa zai ga ya tsinke. Jajayen ƙwayoyin na nan yadda suke, ma'auni kuwa ya nuna ƙasa da iyaka. A shekarar 2000 aka sa shi cikin haramtattu. Mutanen tawagar Finland sun ɗauka ba a iya gano shi a fitsari. Ashe ɗakin gwajin da ke Helsinki, na ƙasarsu, ya riga ya samo hanyar.

Lahti, Fabrairun 2001

Karo na shida ke nan garin Lahti na karɓar gasar zakarun duniya, kuma ƙasar ta shirya biki. Sanyi ya yi tsanani har aka soke tseren mata na kilomita 30. Wanda aka fara kamawa shi ne Jari Isometsä, jim kaɗan bayan ya ci azurfa a tseren bin sawu. Ya fito ya ce shi kaɗai ya yi, tawaga ba ta sani ba, shugabanni kuma suka tsaya a kan haka. Myllylä, wanda rashin lafiya ta hana shi sakewa a farkon gasar, ya dawo ya yi zangon ƙarshe na tseren karɓa-karɓa, Finland ta zo ta ɗaya. Murna ba ta je ko'ina ba aka ce Janne Immonen, ɗaya daga cikin huɗun, shi ma an same shi. Zinaren ya koma hannun Norway.

Hukumar yaƙi da abubuwan ƙara kuzari ta duniya, WADA, wadda aka kafa a 1999 bayan abin kunyar tseren keken Faransa na 1998, ta yi wa tawagar gwajin ba-zata. Sakamakon ya fito da sunaye huɗu: Myllylä, da Harri Kirvesniemi, dattijon tawagar mai shekara 42 da ya halarci Olamfik shida, da mata biyu, Virpi Kuitunen da Milla Jauho. Azurfar mata ta karɓa-karɓa ita ma ta tafi. Abin da ya ƙarasa rushe maganar cewa kowa gaban kansa ya yi shi ne wata jaka da aka manta a gidan mai kusa da filin jirgin saman Helsinki. A cikinta akwai sirinji, da ledojin ƙarin ruwa, da magunguna, da takardun likita. Jakar tawagar ce, kuma babban koci Kari-Pekka Kyrö ne ya manta da ita.

Mutum shidan aka dakatar da kowannensu shekara biyu. Kyrö da likitocin tawagar suka rasa aikinsu, kamfanoni masu ɗaukar nauyi suka janye, aka sake fasalin hukumar gwajin ƙasar a wannan shekara. Bayanin da aka bayar a lokacin shi ne horon tsauni da ɗakunan rage oksijin ne suka ɗaga jinin, aka nemi sauko da shi. Ba a sami EPO a gwajinsu ba, don haka maganar ta tsaya a nan. Myllylä ya rubuta wa 'yan ƙasa wasiƙar neman gafara da harshe mai kama da addu'a, ya ce ya durƙusa, ya amsa an ci shi, yana roƙa wa ransa natsuwa.

Wa ya biya, wa ya sha?

Akwai wani labari da ya riga Lahti da shekara uku, kuma in ba a san shi ba ba za a gane girman abin ba. A Janairun 1998, makonni kafin Nagano, kamfanin dillancin labarai na Finland, STT, ya ruwaito cewa Jari Räsänen, abokin Myllylä a karɓa-karɓar Lillehammer, ya yi amfani da sinadarin ƙara girman jiki, kuma akwai manyan hukumar wasan da suka sani. Aka maka kamfanin a kotu. A 1999 kotu ta sami babban edita da 'yar jaridar da ta yi rahoton da laifin ɓata suna, aka hukunta su, aka kuma sa a biya diyya. Saƙon da ya isa kunnen kowane matashin ɗan tsere a fili yake: wanda ya yi magana shi ke shan hukunci. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Wannan ba ya wanke Myllylä. Baligi ne, zakara ne, kuma akwai 'yan ƙasarsa da suka yi horo irin nasa suka ƙi allura, suka ƙare ba wanda ya san sunansu. Su ne aka fi cuta, kuma ba a cika tuna su ba. Amma in za a auna hukunci, nasa ya fi na kowa nauyi, kuma ba dakatarwar shekara biyun nake nufi ba. Kuitunen tana da shekara 24 lokacin da aka kama ta. Ta dawo ta ci zinare uku a Sapporo a 2007, ta lashe Kofin Duniya sau biyu, jama'a suka karɓe ta. Kirvesniemi dama yana bakin ritaya. Myllylä kuwa yana da 31, kuma duk darajarsa an gina ta ne a kan hoton fadama, a kan cewa shi gumi kawai ya sani. Mutanen da suka rataya hoton a zuciyarsu sun ji kamar su aka yaudara kai tsaye.

Ya dawo tsere bayan wa'adin ya cika, bai ko kusanci matsayinsa na da ba, ya ajiye a 2005. Ya gwada dillancin gidaje a Kokkola. Giya ta kama shi, aurensa ya mutu, kotu ta hukunta shi kan tuƙi cikin maye da kuma duka. Jaridun tsegumi suka mai da shi abin cika shafi, suna bin sa daga wannan faɗuwa zuwa waccan. Su ma suna da kason su a wannan labari.

Da aka sake buɗe shari'ar STT, 'yan sanda suka kira tsofaffin 'yan tsere. Myllylä ya amsa cewa ya yi amfani da EPO a shekarun 1990, ya kuma maimaita hakan bisa rantsuwa a farkon 2011. Shi ne babban suna na farko a cikinsu da ya faɗa ƙarara. Immonen da Isometsä sai daga baya suka amsa nasu. A wannan hunturun ne Matti Heikkinen ya ci kilomita 15 a Oslo, zinaren mutum ɗaya na farko ga mazan Finland tun Ramsau. Watanni kaɗan bayan haka Myllylä ya mutu. 'Yan sanda suka ce hatsari ne, babu hannun kowa, ba kuma kashe kansa ya yi ba. Bai ga hukuncin kotun ɗaukaka ƙara na 2012 ba, wanda ya sami Räsänen da tsofaffin jami'an hukumar uku da laifin zamba saboda abin da suka ɓoye a shari'ar farko, aka yi musu ɗaurin je-ka-gyara-halinka.

Kada kuma a ɗauka cutar ta Finland ce kaɗai. A Salt Lake City a 2002 aka kama Larisa Lazutina da Olga Danilova na Rasha, aka tsinci kayan ƙarin jini a gidan da 'yan Ostiriya suka sauka. A Seefeld a 2019 'yan sanda suka kutsa suka tarar da ɗan tsere da allura a hannu. Abin da ya sauya shi ne hanyar sa ido: maimakon iyaka ɗaya ga kowa, yanzu ana bin jinin kowane ɗan wasa shekara da shekaru, a ga ko ya yi tsallen da jiki ba ya yi da kansa. Ƙarƙashin wannan tsari Iivo Niskanen ya ci kilomita 15 a Lahti a 2017, ya ci zinaren Olamfik na kilomita 50 a Pyeongchang a 2018.

Lambobin Myllylä 15 kuwa suna nan da sunansa a kundin tarihi. Zinaren karɓa-karɓa na Lahti ne kawai aka ƙwace. Dokar WADA ta lokacin ta ba da shekara 8 ne a tuhumi mutum, kuma kafin ya amsa laifinsa wa'adin ya wuce a kan Nagano da Ramsau duka. Ko da bai wuce ba, tambayar wa za a miƙa wa ba ta da sauƙi, tunda babu wanda aka yi wa gwajin EPO a shekarun nan. Lahti ma ta nuna haka: azurfar da aka karɓe daga hannun Isometsä, Johann Mühlegg mai wakiltar Sifen aka ba, shi ne kuma ya ci kilomita 50 a wannan gasa, sannan bayan shekara ɗaya aka kama shi a Salt Lake City, daga ƙarshe aka ƙwace zinarensa uku. A ɗaya gefen akwai Erling Jevne, wanda ba a taɓa kama shi da komai ba. Shi ne na biyu a bayan Myllylä a kilomita 50 na Trondheim, shi ne na biyu a bayansa a kilomita 30 na Nagano, kuma ya yi ritaya ba shi da zinaren mutum ɗaya ko guda a Olamfik ko gasar zakarun duniya.